Lucia Mai Tsayar da Jirgi

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a shekarun saba'in zai gaya maka cewa Lucia, wadda aka fi sani da Maman Meshak, ita kaɗai ce macen da ta taɓa tsayar da jirgin ƙasa da muryarta. Shaidu suna da yawa, kuma ba mutanen banza ba ne, har da mai duba tikiti da katikis guda, wato malamin coci. Sun ce jirgin Fatakwal ya taho da gudu, Lucia ta ɗaga kai daga kaskonta ta yi kira ɗaya, sai ga shi ya ja birki ya tsaya cak a gabanta. Abin ya faru kuwa. Yakan faru ma sau uku a mako, domin Kafanchan mahaɗar layi ce, dole kowane jirgi ya tsaya a nan ya sha ruwa a canja direba, ko da mai ƙosai ko babu.

Amma muryar dai gaskiya ce. Lucia gajeruwar mace ce, siririya, idan ta zauna a bayan kasko ba ka ganin komai sai ɗankwali da hayaƙi. Da ta buɗe baki kuwa, fasinjan da ke taragon ƙarshe, can kusa da tankin ruwa, sai ya leƙo ta taga yana neman wanda ya yi masa magana a kunne. Kiran nata bai taɓa canjawa ba: "Ƙosai da zafi! Akwai saura!" Haka take faɗa idan faranti ya cika, haka take faɗa idan guda biyu suka rage.

Ba a makaranta ta sami muryar ba. A wani ƙauye aka haife ta a bayan dutsen Kagoro, kuma shekarar da mishan suka buɗe makaranta a can, babanta ya duba 'ya'yansa biyu ya yi rabo: wanta Celestine ya tafi aji, ita ta tafi gonar dawa korar birai. Shekara shida tana tsaye a kan wani faifan dutse tana yi wa birai tsawa. Celestine ya fito ya iya rubuta wasiƙa, ya zama akawu a Zariya. Lucia ta fito da makogwaron da ake ji a ƙauye uku. Ta auri Rufus, leburan layin dogo, ya kawo ta Kafanchan. A shekarar 1969 ciwon shawara ya kwantar da shi mako biyu ya tafi da shi. Ya bar mata ɗa guda, da ɗaki guda a unguwar Bayan Tasha, da kasko. Meshak ya girma ya tafi Kaduna aikin masaƙa, yana zuwa Kirsimeti.

Kwana shida a mako sunanta "ke mai ƙosai". Mutane sukan miƙo hannu ta taga ba su ko kalli fuskarta ba. Ranar Lahadi kuwa, da yammacin Alhamis da ake gwaji, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocin Bayan Tasha. Mata arba'in ne, yarensu biyar, a waƙar Hausa suke haɗuwa. Uku suna zaune da tuluna a tsakanin ƙafafu suna dukan bakinsu da matashin tsumma, wasu suna kaɗa caki, sauran suna tsaye a jere. Lucia ce a gaba. Ita za ta jefa baiti, su kama da amshi. A wannan sa'a matar akawu ma bakin Lucia take kallo, tana jiran abin da zai fito. Lucia ba ta taɓa gaya wa kowa abin da wannan tsayuwar take nufi a wurinta ba, amma zaninta mai kyau guda ɗaya ba ya fita daga akwati sai dominta.

Aibinta ɗaya ne: ba ta taɓa yin waƙa sau biyu iri ɗaya ba. Idan wata ta haihu a cikin mako, jaririn zai shiga waƙar Lahadi. Idan ruwa ya yi jinkiri, za a tuna wa Ubangiji, cikin ladabi. Matan ba su damu ba, amshi kawai suke riƙewa, sauran nata ne.

Sai Malama Mildred ta zo. Yarinya ce da ta gama kwalejin horon malamai, aka turo ta firamaren unguwar, ta yi aure ta shiga zumunta. Ita kaɗai ce mai agogon hannu a cikinsu, kuma takan zo gwaji da littafin rubutu da biro. Ba ta da mugunta ko kaɗan. Tambaya kawai take da ita.

"Mama, waƙar nan ita ce ta makon jiya?"

"Ita ce mana."

"To ai ni makon jiya ban ji maganar akuyar Baba Katikis a ciki ba."

"Makon jiya akuyar ba ta shiga gonar Hellen ba tukuna."

Malama ta rubuta wani abu a littafinta, ta ja masa layi.

Da a ce Lahadi ce kawai, da an zauna haka har abada. Amma kowace shekara bayan damina akan yi gasar waƙa ta zumuntar matan yankin gaba ɗaya, kuma a nan ne halin Lucia ya jawo musu. A gasar 1975 tana tsakiyar baiti ta hango ɗaya daga cikin alƙalai yana gyangyaɗi. Ba ta yi niyya ba, bakinta ne ya ɗauke shi ya sa a waƙa, da roƙon Ubangiji ya ba bawansa hutu mai daɗi. Jama'a suka yi ta dariya har ya farka. Ƙungiya takwas suka shiga gasar, Bayan Tasha ta zo ta bakwai.

Uwar Zumunta, Catherine, babbar mace ce mai magana a hankali, wadda ba ta maimaita umarni. Da gasar 1976 ta matso, ta tara su bayan gwaji ta yanke hukunci. Waƙa ɗaya za a yi. Lucia ce za ta tsara ta, Malama ta rubuta, kuma daga ranar da biro ya taɓa takarda ba a ƙara kalma, ba a rage kalma.

"Maman Meshak, ki ji ni da kyau," in ji Catherine. "Idan mun shiga cikin ukun farko, gaba taki ce har ki gaji. Idan ba mu shiga ba, Malama ce za ta riƙa ba da waƙa daga littafinta. Ban ce don ba na son ki ba. Mun gaji da komowa gida kanmu a ƙasa."

"Na ji, Uwa," in ji Lucia.

Kwana uku ta yi ta tsara waƙar, baiti tara, a kan damina da girbi da hannun da ke riƙe da gajimare. Ta yi kyau ƙwarai. Har Malama sai da ta ajiye biro a baiti na huɗu, inda muryar ke hawa sama kamar mai hawan tudu da tulu a ka, ta ce a sake mata.

Tsarawar ba ita ce wahalar ba. Wahalar ita ce riƙewa. Sauran mata idan sun manta sai su je gidan Malama ta karanta musu. Lucia kuwa, mai waƙar, ita ce ta fi kowa mantawa, domin kowace safiya sai ta tashi da wata kalma da ta fi ta jiya daɗi. Ba ta iya leƙa littafi ba. Hanya ɗaya ce ta rage mata, ta yi ta maimaitawa har kalmomin su daskare. Saboda haka ta riƙa yin waƙar a bakin kasko tun daga safe har yamma. Ita a ganinta a hankali take yi, a cikin maƙoshi. Sai dai wadda ta yi shekara shida tana magana da birai daga kan dutse ba ta da wata murya da ake kira a hankali.

Kowace Talata matan wani ƙauye da ake kira Tudun Ɗinya sukan kawo buhunan citta tasha, su zauna a kansu suna jiran jirgin Kaduna, wanda ba ya gaggawa. Mai ba su waƙa a zumuntarsu, Roseline, doguwa ce mai yawan fara'a, kuma tsohuwar mai sayen ƙosan Lucia. A Talata ta uku Lucia tana juya ƙosai ta ji wata tana bin waƙar da baki a bayanta. Ta kasa kunne. Roseline ce. Baiti na ɗaya daidai, na biyu daidai. Da aka zo na huɗu, inda ya kamata murya ta hau, sai Roseline ta gangara da ita ƙasa.

Lucia ta daure. Ta tsame ƙosai, ta zuba wani. Roseline ta sake zagayowa, ta sake gangarawa a wuri ɗaya. A karo na uku Lucia ta ajiye cokalin suya.

"'Yar'uwa, ba haka ake yi ba. Kina kashe ta."

"Ayya, Mama, ni wasa nake yi da baki. Jirgin nan ya ƙi zuwa."

"Ko wasa ne a yi shi daidai. Matso nan. Idan kin zo wurin gajimare, sama za ki yi, kamar an taka miki ƙafa. Saurara."

Ta yi mata. Roseline ta gwada, ba ta kai ba. Lucia ta sa ta miƙe tsaye, ta ce waƙa ba ta fitowa daga mai zama a kan buhu. Sannan ta ga baiti ba ya zama sai da amshi, sai ta kira sauran matan cittar ta jera su, ta ba su amshin, ta gyara wa wata tsohuwa da ke shigowa da wuri. Jirgin ya ƙara awa ɗaya da rabi bai zo ba, kuma ba a ɓata ko minti ɗaya ba. Da ya iso, matan Tudun Ɗinya sun iya baiti tara cif.

"Mama, wai waƙar wace coci ce wannan?" Roseline ta tambaya tana ɗora buhu.

"Waƙa ai ta Ubangiji ce," in ji Lucia, ta ƙara mata gutsuren ƙosai biyu.

Sai da take komawa gida da kasko a ka wani abu ya ɗan sosa mata rai. Ta tsaya a bakin layi ta yi tunani, ta ce a ranta Tudun Ɗinya da nisa, kuma su ma ai suna da tasu waƙar. Ba ta gaya wa kowa ba.

An yi gasar ranar Asabar ta ƙarshen Oktoba, a wata babbar coci a gindin dutsen Kagoro. Ƙungiya goma sha ɗaya suka zo, wasu a motar katako, wasu a ƙafa tun asuba da tulunansu a ka, kowace da ankonta. Cocin ta cika, maza da direbobi suka tsaya a waje suna leƙe ta tagogi. Alƙalai uku ne a bayan tebur: wani Fada Bature, da Sista Emilia, da Malam Alexander, hedimasta, wanda ya ajiye agogonsa a gabansa da ƙararrawar makaranta. Shi ya karanta dokoki. Minti biyar ga kowace ƙungiya. Waƙar da wata ƙungiya ta riga ta yi, ba a sake yin ta. Baba Katikis Bartholomew ya cire hularsa ya zuba 'yan takardu a ciki, shugabanni suka zo suka ɗiba. Tudun Ɗinya ta ɗauki shida. Bayan Tasha ta ɗauki bakwai.

Da rana ta kai tsaka aka kira na shida. Roseline ta fito gaba, ta gyara ɗankwali, ta ɗaga hannu. Tun a bugun tulu na farko Lucia ta gane waƙarta ce.

Sun yi ta da kyau, wannan ba a musu. Malama Mildred ta buɗe littafinta tana bin layi da yatsa, ko kalma ɗaya ba su kauce ba, abin da Lucia da kanta ba ta taɓa yi ba a gwaji. Da aka zo baiti na huɗu Roseline ta hau sama tsaf, kamar an taka mata ƙafa. Abin kunyar shi ne Lucia ta sami kanta tana gyaɗa kai.

Mata talatin da tara suka juyo suna kallonta.

"Maman Meshak," in ji Catherine, ba ta ɗaga murya ba. "A ina suka samu?"

"Uwa, tana ɓata baiti na huɗu ne."

"Wa?"

"Roseline. A tasha. Sai na gyara mata."

"Baiti na huɗun kawai?"

Lucia ta dubi ƙafafunta. "Da amshin."

"Yesu mai ceto," in ji Hellen, mai babban tulu. "Da kin haɗa musu da zaninmu ma, su tafi da shi gaba ɗaya."

Catherine ta tashi ta nufi teburin alƙalai, Malama na biye da ita da littafi a buɗe, ga kwanan watan da aka rubuta waƙar a saman shafi. Aka kira Roseline. Ba ta ɓoye komai ba, ba ta kuma ga laifinta ba. Ta ce Mama ce ta jera su ta koya musu da bakinta, ta kuma ce waƙar ta Ubangiji ce, su kuwa nasa ne. Fada ya nemi a fassara masa, aka fassara, ya kama haɓa. Malam Alexander ya ce waƙa ba akuya ba ce balle a duba kunne a ga tsagar mai ita. Doka ta ce wadda aka yi ba a sake yi. Ya ba su minti biyu su fito, ko ya kira na takwas.

Catherine ta dawo ta tsaya a gaban matanta. "Malama, buɗe littafinki. Ko tsohuwa ce ki ba mu, mu fita kunya."

Lucia ta gane abin da aka ce. Ba sai an jira sakamako ba ke nan. Ta ja gefen zaninta mai kyau ta matsa baya kaɗan, don a sami hanya.

Malama ta juya shafi, ta sake juyawa. Sannan ta rufe littafin.

"Uwa, tsofaffin da muka iya uku ne, biyu an yi su da safe. Ta ukun kuma ba ta cikin littafin nan, ni kaina ban riƙe ta ba. Ni idan abu ba ya kan takarda ba ni da shi." Ta juya wajen Lucia. "Mama, ki ba mu amshi kawai. Gajere. Sauran kin fi mu sani."

Ƙararrawa ta kaɗa. Suka fita suka jeru, masu tulu suka zauna, Lucia ta tsaya a gaba.

Sai ta tarar babu komai a kanta. Matar da tun tana yarinya kalmomi ke tururuwa a bakinta har sai ta kore wasu, yau ta leƙa ciki ta ga wayam. Mako shida ta yi tana korar kowace sabuwar kalma don ta riƙe baiti tara, ga shi sun ji korar sun tafi, baiti taran kuma an cinye su a gabanta. Ta buɗe baki, ta rufe. Hellen ta ɗaga matashin tsumma tana jira. Wani jariri ya yi kuka aka ba shi nono. Malam Alexander ya dubi agogo. Lucia ta ga fuskoki ɗari biyar, kuma a karo na farko a cikin coci ta ji ita ce dai mai ƙosai.

Wani direban motar katako da ke rataye a taga, wanda ya san ta a tasha, shi ma abin da ya gani ke nan. Ya ɗaga murya don abokansa su ji.

"Mai ƙosai! Yau ya ƙare ne?"

Aka fara dariya a waje. Lucia ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Shekara bakwai ana yi mata wannan tambayar ta taga, kuma amsa ɗaya gare ta. Ta juya ta ba shi ita da dukan muryar da ke kai wa taragon ƙarshe.

"Akwai saura!"

Tantabarun da ke cikin rufin suka tashi. Matan Bayan Tasha kuwa, da suka shekara goma suna kama duk abin da ya faɗo daga bakin Lucia ba tare da tambaya ba, suka ɗauka amshin ke nan. Su talatin da tara suka mayar mata: "Akwai saura!" Hellen ta saki matashi a bakin tulu. Caki ya shiga.

Lucia ta ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafarta. Ta dubi Roseline a benci na gaba, ta jefa:

"Na dafa waƙa, 'yar'uwata ta ci,"
"Akwai saura!"
"Ta ci lafiya, gida ɗaya muke,"
"Akwai saura!"
"Mai rumbun sama bai rufe ƙofa ba,"
"Akwai saura!"

Daga nan ba ta ƙara neman kalma ba, duba kawai take yi. Ta ga matan Zangon Kataf da laka a gefen zani, ta sa su a ciki, yadda suka sauka suka tura mota a rafi, zani ya jiƙe murya ba ta jiƙe ba. Matan suka yi guɗa. Ta ga wata da goyo, ta ga tsohuwa mai sanda, ta tuna accar da kowa ya baro a gona ba a sussuka ba, da mazan da aka bar wa tuwon jiya. Kowane benci ta taɓa sai ya miƙe ya shiga amshi. A baiti na goma ko sha ɗaya, ba wanda ya ƙirga, muryarta ta sauka ƙasa, abin da ba a san ta iya ba.

"Ka ɗauki Rufus da rana tsaka,"
"Akwai saura."
"Ka bar mini kasko, ka bar mini ɗa,"
"Akwai saura."

Gwauraye mata suna da yawa a cocin nan, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Sista Emilia ta cire tabarau tana gogewa. Roseline tana amshi tana share ido da bakin ɗankwali.

A nan ne Malam Alexander ya tuna aikinsa. Ya dubi agogo, ya miƙa hannu ya ɗaga ƙararrawa. Lucia ta gan shi. Catherine ma ta ga ta gan shi, ta yi tari mai ƙarfi, irin na tuna wa mutum bara. Amma baki ya riga ya tafi.

"Malam ya ce minti biyar sun cika,"

Cocin gaba ɗaya, da na taga, da direban da ya fara tsokana, suka amsa masa. Malam Alexander ya tsaya da ƙararrawa a sama, ya dubi Fada, ya ga Fada yana buga tebur da tafin hannu. Ya mayar da ita a hankali ya ajiye, ya riƙe harshenta da yatsa don kada ta yi ƙara.

Minti goma sha ɗaya suka yi. Alƙalai suka shiga ɗakin baya bayan ƙungiya ta ƙarshe, suka daɗe. Da suka fito Malam Alexander ya bayyana cewa an rage wa Bayan Tasha maki saboda wuce lokaci, an kuma rage saboda ambaton alƙali, kuma bayan duk an rage, su ne na ɗaya. Tudun Ɗinya ta zo ta biyu, da waƙar Lucia.

Hellen ta ɗauki Lucia cak ta zagaya da ita. Catherine ta kama hannunta biyu ta ce, "Gaba taki ce, Maman Meshak. Na faɗa, ban janye ba."

Aka shigo da kyauta, katan guda mai nauyi, maza biyu ke ɗauke da shi. Mata suka fara cacar baki, wasu suka ce kwanonin tangaran ne, wasu suka ce atamfa. Fada ya yanka igiya da kansa. Littattafai ne, guda arba'in, sababbi, na waƙoƙin coci da aka buga a Hausa, kowace waƙa da lambarta. Sannan Malam Alexander ya karanta shawarar da ta tsayar da su a ɗakin baya. Saboda abin da ya faru yau, kuma don kada a sake jayayya a kan mai waƙa, daga yanzu a wannan littafi za a riƙa ɗaukar waƙa, a gasa da kuma ranar Lahadi. Za a rubuta lamba a allo, kowa ya buɗe. Bayan Tasha, da yake su suka ci, su za su fara nuna wa saura hanya. Aka yi tafi. Aka kira mai ba da waƙa ta karɓi kwafin farko, Malam ya yi rubutu a ciki kafin ya miƙa mata.

Catherine ta cika alkawari. Lahadi uku Lucia tana tsaye a gaba da littafi a hannu, Malama Mildred na bayan kafaɗarta tana raɗa mata layi. Malama ta yi iyakar ƙoƙarinta. Amma kafin raɗa ta shiga kunne ta fito ta baki, masu littafi sun yi gaba da rabin layi, kuma muryar Lucia ba irin wadda ake ɓoye lattinta ba ce. A Lahadi ta huɗu, tun kafin a fara, ta karɓi caki a hannun wata yarinya ta koma jere na uku. Malama ta bi ta har can tana roƙo.

"Je ki, 'yata," in ji Lucia. "Ki dai buɗe baki sosai. Na baya ba sa jin ki."

Waƙar gindin dutsen kuwa, har yau tsofaffi suna cewa ba a taɓa yin irinta a ƙasar ba, ko da yake babu mai iya kawo baiti uku a jere. Fada ya zo Bayan Tasha da rikoda bayan wata guda don ya ɗauka. Lucia ta yi masa da zuciya ɗaya, minti tara, sai dai wata ce dabam, har da maganar tayar babur ɗinsa da ta yi faci a hanya.

Ta ci gaba da suya a tasha, jirage suka ci gaba da tsayawa a gabanta. Littafin yana ƙasan akwatinta, a naɗe cikin zanin nan mai kyau. A shafin farko Malam Alexander ya rubuta sunanta da jan biro, da shekarar, da cewa ita ce ta ɗaya a ba da waƙa a yankin gaba ɗaya. Haka dai aka gaya mata.